Katin Allurar Yaya

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An kwantar da Yaya a asibiti.

Mijinta ne ya kira ni ina tsakiyar taron malamai. Direba, kamar yadda muke kiransa, ba ya kiran mutum lokacin aiki. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar dogon zango, ya tsani waya ta yi kuka hannun mutum na kan wani abu. Shi ya sa da na ga sunansa na san ba lafiya ba. Ya ce, "Likita, yayarki ta sunkuya za ta ɗauko bandir ɗin yadi a ƙarƙashin teburin yanka, ta kasa miƙewa." Na ce faɗuwa ta yi? Ya ce ba ta faɗi ba, sunkuyawa kawai ta yi.

Ni ba likita ba ce. Aikin sassan jiki nake koyarwa a makarantar koyon likitanci, ban taɓa duba mara lafiya ba. Amma a gidanmu, tun ranar da aka gan ni da farar rigar ɗakin gwaji aka raɗa min Likita, kuma ko maganin mura ba a sha sai an ji ta bakina. Na daɗe ina jin daɗin hakan, ba zan yi wa littafina ƙarya ba.

Na same ta kwance rigingine, babu matashi, allin tela bai ma goge daga yatsunta ba. Ta ce, "Auta, aiki kika baro? Ai jijiya ce kawai. Gobe ina shago." Shekararta sittin da uku, tawa arba'in da tara, har yanzu Auta nake. Ita ta raine ni bayan rasuwar Inna, da keken ɗinki ɗaya.

Gobe za a yi hoto. Sunkuyawa kawai ta yi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Gaɓoɓi uku na ƙashin bayanta sun lotsa.

Likitan ƙashin ɗalibina ne, shekara goma sha biyu da suka wuce. Mai zama a layin baya, mai barci. Yanzu ga shi da furfura a gemu yana rusuna min, "Malama, ashe yayarki ce." Ya buɗe fayil ya ga an daɗe ana yi mata allurar ƙarfin ƙashi, wadda ake yi duk wata shida. Ya ce yaushe aka yi ta ƙarshe. Ya duba da kansa, ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Wata goma sha ɗaya.

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Ya ce, "Mama, a cikin ƙashi akwai ma'aikata iri biyu, magina da marusa. Marusa su fasa tsohon ƙashi, magina su cike da sabo, haka ake yi har mutum ya mutu. Su marusan suna da wani furotin a jikinsu, kamar kunne. Sai kunnen ya ji kira suke tashi aiki. Allurar nan tare kiran take yi a hanya. To amma ba kashe su take yi ba, suna nan suna taruwa. Ranar da ƙarfinta ya ƙare ba a sake ba, gaba ɗaya suke jin kiran." Ya juyo yana murmushi, "Malama, ko na manta wani abu? Ai bayaninki ne."

Bayanina ne, kalma da kalma. Har da kunnen.

Ya ce, "Me ya sa aka tsayar, Mama? Wannan ba a tsayar da ita haka kawai."

Yaya ta kalli silin. Ta ce, "Mantawa na yi, likita. Tsufa."

Ina tsaye a ƙafar gado riƙe da jakarta.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban ce komai ba jiya.

Jumma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An yi mata allurar yau. Ɗalibina ya ce marusa za su lafa cikin kwanaki, amma na san sauran bayanin da bai ƙarasa ba a gabanta. Abin da ya lotsa ya lotsa.

Direba ya zo da abinci a kula, ya zauna yana ba ta a baki, yana faɗa. Haka yake, in ya tsorata faɗa yake yi. Ya ce, "Tela, ke da ba kya manta awon ƙugun matar da kika yi wa ɗinki shekara goma baya, sai allurarki ce za ki manta? Mota ma in lokacin juyen mai ya yi ba a cewa an manta." Ta ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Kina da likita a gida, ƙanwarki uwa ɗaya uba ɗaya. Da kin buɗe baki kin tambaye ta da duk wannan bai faru ba. Ko ba haka ba, Likita?"

Na ce bari in je in ɗauko ruwa. Akwai ruwa a ɗakin, gora biyu.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ta aike ni shago in mayar wa mutane yadinsu. Ta ba ni bayanin kowa daga kwance: shuɗin mai zanen ganye na matar mai gyaran agogo ne, ruwan ƙasan na shugabar makarantar 'yan mata, wanda aka riga aka yanka a ba mai shi haƙuri ta kai wa telan ƙarshen layi, amma a gaya mata ta sa ido a kan wuyan, hannunsa ba ya zama a wuya. Ko ɗaya ba ta kuskure ba. Wai wannan ce mai mantuwa.

Bandir ɗin yana nan a ƙasa inda ya suɓuce mata. Na ɗaga shi da hannu ɗaya. Ko jakar littattafaina bai kai nauyi ba.

Mai shagon takalma na gefe ya leƙo ya ce, "Allah ya sa tana da ke." Na ce amin. Amin na ce.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Jibi nake da laccar ƙashi da 'yan aji biyu. Sau ɗaya nake yin ta a shekara. Na sauko da babban littafin da nake koyarwa da shi daga kantar ofis, ya buɗe da kansa a babin, domin akwai abu a tsakanin shafukan.

Katin asibitinta ne. Ruwan ɗorawa, kusurwa ɗaya a lanƙwashe, ranar allura an zagaye ta da jan biro. Rubutun Yaya ne a gefe: "kar a manta."

To bari in rubuta. Babu mai karanta wannan sai ni.

Wata biyar da suka wuce haƙorinta na ciki ya ruɓe, likitan haƙori ya ce sai an cire. Satin ya zo daidai da satin allura. Na san allurar nan, jefi-jefi, tana hana ƙashin muƙamuƙi warkewa bayan an cire haƙori. Ba kasafai ba, amma na karanta, kuma ina son in nuna na karanta. Na ɗauki littafin nan takanas na kai gidanta, na buɗe a kan teburin cin abinci, na nuna mata hoton muƙamuƙin da ya lalace har ta kau da kai. Na ce a dakata da allurar sai dasashi ya warke, sati uku ko huɗu. Ta ce ko a tambayi asibiti? Na ce asibiti me za su gaya miki da ban sani ba? Na ce, "Kawo katin, ni zan gaya miki rana." Ta miƙo da hannu biyu. Na sa shi a shafin don kada ya ɓata, na rufe littafin, na dawo da shi ofis.

Bai ɓata ba kuwa.

A ƙasan shafin da katin ya kwana wata biyar, akwai layin da ni na ja wa layi da fensir tun shekarun baya. Yana cewa kada a jinkirta ta fiye da wata guda.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Katin yana cikin jakata. Na cire shi na sa a aljihun tebur, na sake mayarwa jaka.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na yi laccar. Na zana magina, na zana marusa, na zana kunnen da jan alli kamar kullum, na rubuta sunansa na littafi a gefe, RANK. Sun yi dariya a inda ake dariya duk shekara.

Wata yarinya mai gilashi a layin gaba ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, in mara lafiya ya tsallake allurar fa?" Na ba ta amsa cikakkiya. Watanni nawa ƙarfinta ke ƙarewa, wane ƙashi ne ke fara tafiya, me ya sa ƙashin baya ne, me ya sa ba ɗaya yake karyewa ba sai biyu ko uku a jere. Muryata ko rawa ba ta yi ba. Na ce musu aikin likita ne ya bi sawun ranar, kada ya bar wa mara lafiya. Sun rubuta.

Ban taɓa yin lacca mai kyau irin ta yau ba. Na koma ofis na kulle ƙofa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An sallame ta. An ɗaura mata bel mai ƙarfe daga ƙirji zuwa ƙugu, ta ce an mayar da ita gwangwanin madara. Direba ya sauko da gadonsu falo don kada ta hau bene. Ya yi tuƙi daga asibiti kamar mai ɗauke da ƙwai, masu mota na ta yi masa oda, shi da ya yi suna da gudu.

Na zauna a bakin gadon na ce, "Yaya, akwai maganar da nake son yi." Ta ce, "Faɗi." Na buɗe baki, sai na ji ina gaya mata yadda za ta riƙa mirginawa gefe kafin ta tashi, da yawan madarar da za ta riƙa sha. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Shi ke nan maganar?" Na ce shi ke nan. Ta ce to, Allah ya yi albarka.

Ta daɗe tana kallona bayan ta faɗi haka.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Akwai abin da na tsallake ranar 10 ga wata. Na rubuta kamar mantuwa ce tsantsa, kamar babu wanda ya tuna min.

Ta kira ni. Wata biyu bayan cire haƙorin, lokacin muna makin jarrabawa, takardu ɗari biyu da wani abu a gabana. Ta ce, "Auta, bakin nan ya warke sarai, har nama nake ci. Allurar nan fa?" Na maƙale wayar a kafaɗa ina jan biro. Na ce, "Yaya, ina cikin aiki, na ce zan gaya miki." Da irin muryar da nake yi wa ɗalibin da ya zo neman maki. Ta ce, "To, yi haƙuri." Ita ta ba ni haƙuri.

Na ajiye wayar da niyyar in duba kalanda in na gama takardar da ke hannuna. Ina iya tuna takardar. Yaron ya ci arba'in da ɗaya.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ban je ba jiya. Na ce akwai taro. Babu taro.

Jumma'a, 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ta yi atishawa da safe, ƙashi na huɗu ya tafi.

Mun koma asibiti, an sake hoto. Ɗalibina ya ce wannan tun can ya riga ya yi laushi, allura ba ta iske shi ba. Bai riƙe ta ba, ya ƙara magani ya ce a koma gida. A mota ba ta yi kuka ba. Bayan kujerar gaba ta riƙe, duk rami sai na ga farcenta ya nutse a ciki.

Direba ya daina faɗa. Wannan ya fi faɗan ciwo. Yana zuwa ya gyara mata matashi ya fita, ya dawo ya sake gyarawa.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na faɗa.

Ban shirya ba. Ina kicin ina wanke kofuna na jiyo ta tana ce masa, "Ka yafe min, na ja maka wahala da tsufanka. Sakacina ne." Shi kuma ya ce, "Ya wuce, Tela. Kowa na mantuwa." Wai ya yafe mata. Sai na ga na fito hannuna da kumfa, na zazzage jaka a kan gado, na ɗauko katin.

Na ce, "Ba ta manta ba. Ni na ce ta dakata. Ni na karɓe katin. Ta kira ni ta tambaya, na yi mata tsawa." Na faɗi har da littafin da layin fensir, ban rage komai ba.

Direba ya karɓi katin ya juya shi gaba da baya kamar takardar mota. Ya ce, "Ke kin sani, ko ba ki sani ba?" Na ce na sani. Ya ce, "Sati biyu da rabi ina yi mata faɗa a gabanki." Na ce haka ne. Ya ajiye katin, ya fita tsakar gida, na ji ya kunna famfo yana wanke motar da ya wanke da safe.

Na durƙusa a bakin gadon. Na ce, "Yaya, me ya sa kika ce mantawa kika yi?"

Ta ce, "A gaban ɗalibinki zan ce me?"

Na ce to me ya sa ba ta sake kirana ba, ko ta tafi asibiti da kanta, ai ba sai da kati ba. Ta ce, "Kowane wata ina ƙirgawa. Na bakwai, na takwas, na tara. Sau biyu na saka takalmi zan tafi na cire. Na ce wannan yarinyar na kai ta makaranta ne don ta fi ni sani. In ta ce in jira, akwai dalili. In na bi ta bayanta na je, na nuna wa duniya ban yarda da karatunta ba ke nan." Ta numfasa a hankali, don numfashi ma yana yi mata ciwo. "Ba mantuwarki ce ta dame ni ba, Auta. Kowa na mantuwa. Shirun da kika yi ne. Kullum kika shigo ina cewa yau za ta faɗa."

Na ce ta yafe min. Ta ce, "Tafi gida. Na gaji."

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na kira. Ba a ɗauka ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kai 'ya'yan itace. Direba ya karɓa a bakin ƙofa, ya ce tana barci. Ina jin rediyonta a falo. Bai kira ni Likita ba, bai kira ni komai ba. Ya ce, "An gode."

Da na ce sati uku na kira asibiti na sa an rubuta sabuwar rana. Da na sa katin a jaka maimakon littafi. Da na ajiye biron minti ɗaya. Ina ta jera su kamar zan sami wanda zai canja wani abu.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ba ta kira ba.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Da hantsi Direba ya kira. Ya ce, "Yayarki ta ce ki zo, kuma ki zo da gilashinki na karatu." Ya kashe.

Na same ta a tsaye a tsakiyar falo, riƙe da bayan kujera. Rabon da in gan ta a tsaye tun kafin abin. Duk rayuwata ɗaga kai nake yi in kalli Yaya. Yau idona ya sauka a kan goshinta.

Dogayen rigunanta suna jibge a kan gado, sun kai goma sha huɗu, duk ɗinkin hannunta. Wadda ke jikinta, koriya, bakinta yana kwance a ƙasa ya rufe mata ƙafa. Ta ce, "Jiya na taka ta saura kaɗan in kifa. Duk sun yi min tsawo. Ba na iya sunkuyawa, ba na iya zama a keke, kuma ba zan kai kayana wurin mutumin ƙarshen layi ya yi min dariya ba."

Na ce, "Yaya, ban iya ɗinki ba." Ta sani. Ita ta hana. Ina ƙarama in na taɓa almakashi sai ta buge min hannu ta ce in koma ga littafi.

Ta ce, "Durƙusa."

Na durƙusa a gabanta. Ta ce in naɗe bakin rigar har sai yatsun ƙafarta sun fito. Na naɗe, na kafa fil, na zagaya ta da gwiwa, tana ce min nan ya yi sama, nan ya sauka. Ta ce in auna abin da na naɗe da hannuna in gaya mata. Na auna. Na kasa faɗa. Ta ce, "Faɗi, ke dai kin sha shiru."

Na ce, "Yatsu uku."

Ta ce, "Zai dawo?"

Na ce, "A'a, Yaya. Ba zai dawo ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To. Haka nake so a riƙa gaya min."

Direba ya taimaka mata ta sauya riga ta kwanta. Ta zura zaren da kanta, daga kwance, ba tare da gilashi ba, ta miƙo min. Ta nuna min yadda ake kalmasa, a ɗauki zare biyu na yadin kawai don kada ɗinki ya fito ta waje. Na zauna a ƙasa kusa da gadon na yi wajen awa guda, na soke yatsana sau huɗu. Na gama kusan kamu biyu na miƙa mata.

Ta ɗaga shi wajen hasken taga, ta bi shi da babban yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Ta miƙo min.

Ta ce, "Ya karkace. Warware ki sake."

Na warware. Saura goma sha huɗu, ta ce in dawo gobe da safe.